Shaddar Aro a Gaban Alƙali

Mai wanki da guga na layinmu, Baba Sitaci muke ce masa. Shekara talatin yana shago ɗaya, shagon da in ka yi atishawa sai ka bugi bango. Amma karin gugarsa, wallahi sai ka yanka albasa da shi. Ni kullum sai na tsokane shi: "Baba, ko matarka Inna ma sai ka goge ta kafin ta fita unguwa?"

Ya ce, "'Yar nan, ke dai bakinki ko dutsen guga goma ba zai miƙar da shi ba."

Ɗa ɗaya gare shi, Dogo mai gyaran waya. Aka kama Dogo da ƙwaya a aljihu, aka ba da belinsa. Lauya ya ce ya amsa laifi kawai, tunda hukuncin yana hannun alƙali: in ya so watanni, in ya so shekaru.

To shi Baba, a duniyarsa mutum riga ne. Ya ce ba alƙalin da zai wulaƙanta mai tsabta. Sai ya zaro shaddar wani attajiri da ya kawo wanki ya yi tafiya, ya ɗura mata sitaci har tana iya tsayuwa ba kowa a ciki, ya sa wa ɗansa.

Ni da ba a kallo babu ni, ina kusa da Baba a kotu. Aka fara da wani mai yagaggiyar riga da silifas, irin ƙwayar, irin laifin. Ya amsa. Wata shida. Baba ya taɓo ni: "Kin gani? Balle namu."

Dogo ya miƙe, shadda na ƙara har bakin ƙofa. Ya amsa laifi. Alƙali ya sauke tabarau ya dube shi sama da ƙasa.

"Me kake yi?"

"Gyaran waya, ranka ya daɗe."

"Gyaran wayar ne ya ɗinka maka wannan?"

Dogo ya waiwayo ya kalli ubansa. In ya ce ta masu kawo wanki ce, gobe ko tsumma ba mai sake ba Baba. Sai ya sunkuyar da kai. Baba ya yunƙura, ɗan sanda ya ce a zauna, ya zauna.

Alƙali ya ce mai irin wannan sutura ba sha kawai yake ba, ya ga alamar daɗin sayarwa. Shekara huɗu.

Bayan kwana biyu aka maido da shaddar daga gidan yari, a cukurkuɗe cikin leda. Baba ya wanke, ya goge. Mai ita ya dawo har yana yaba karin.

Jiya na wuce shagon, na tarar gawayi ya mutu a dutsen guga, shi kuwa yana ta kai da kawo da shi a kan riga.

Ya ce, "'Yar nan, yau ba tsokana?"

Na ce, "Babu, Baba. Kawo in hura maka wutar."