Kogon da Ke Jinkirta Amsa

Kawuna mai gyaran rediyo ne, a wani ɗan shago mai warin dalma, cike da matattun rediyoyi har rufi. Kunne gare shi kamar na zomo, amma in maganar arziki kake masa, sai ka ce da bango kake yi. Shi da matarsa Inna suka raine ni.

Duk ranar hutu sai ya ɗauki tocila da sanda ya nufi bayan gari, ya bi duwatsu yana leƙa koguna. Ba zuma yake nema ba, ba komai ba. A durƙushe yake shiga, ya tafa hannu, ya kasa kunne. Wai kowane kogo da irin muryarsa. Inna takan ce jemagu yake yi wa gyaran rediyo. Sau ɗaya tak ta bi shi, ta dawo da yagaggen zani.

Da Inna ta rasu, abin ya wuce wasa. Ya daina buɗe shago, ya rame kamar tsinke, kullum yana can. Tsoro ya kama ni, don na ga wata rana dutsen nan zai riƙe mini shi, ga shi ba ni da kowa sai shi. Na bi sawunsa da rana tsaka, na rantse ko da jan kunne ne sai na dawo da shi.

Na same shi zaune a wani kogo mai ƙaramin baki, ga sanyi, ga warin kashin jemage. Na zazzage masa faɗa son raina. Sai da na yi shiru na lura da wani abu: ko kalma ɗaya dutsen bai maido mini ba.

Kawu ya yi mini nuni in saurara. Can daga cikin duhu aka tafa hannu, aka yi gyaran murya. Muryarsa ce, wallahi, alhali bakinsa a rufe, hannuwansa a kan gwiwa.

Cikin raɗa ya gaya mini wannan kogon ajiye magana yake, ya riƙa maido ta da baya-baya: in yau ta watan jiya ce, gobe sai wadda ta riga ta. Kuma nan ne ya kawo Inna. Nan ta zauna tana masa tsiya tana dariya.

"Ta bara ce kika ji," ya ce. "An kusa zuwa kan tata. In na tashi ta wuce, shi ke nan."

Na dubi bakin kogon, rana na haskawa fes. Na buɗe baki in ce mu tafi, sai na tuna na fara manta yadda Inna ke kiran sunana.

Na gyara zanina na zauna kusa da shi.