Tulun Gwajin Birki

Ranar Lahadi ce ta ƙarshe a bakans, dogon hutun makaranta, shekarar da zan shiga aji biyar. Da hantsi motar Baba tana tsaye a ƙofar gidanmu na unguwar Birni a Damagaram da ƙafa uku. An ɗage bayanta da kirik, jak ɗin ɗaga mota, an tokare ta da kututturen gawo da duwatsu, tayar hagu tana jingine da katanga, ƙanena Abba yana ta cusa kai a cikinta. Baba na zaune kan buhu, ya naɗe hannun riga, yana bubbuga tambur da guduma a hankali, wato kaskon ƙarfen nan da birkin baya yake ɓoye a ciki. Ni kuwa ina durƙushe gefensa, riƙe da tsohon tiren Inna da yake jera ƙusoshi a kai. Washegari zai kwashi mata zuwa Durum sayen sabon gero da gyaɗa, ni kuma washegarin ake komawa lakwal, makarantar boko. A duk gidan nan ni kaɗai na san Baba ya daina gani sosai.

Motar irin wadda ake kira bashe ce, mai rumfar tanti a baya, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Launinta na asali ba wanda ya isa ya rantse a kai. Ƙofar dama da igiya ake ɗaure ta, sai an tura ta take tashi da safe, yaran unguwa kuma sun mai da turin nan wasansu kafin su tafi makarantar allo. Amma birkinta ba shi da na biyu a tasha, da shi Baba yake taƙama. Ya kan ce, "Mota ko yara suka tura ta za ta tafi, tsayar da ita ne aikin direba." Matan da ke fatauci tsakanin Damagaram da Zermu da Guna sun gwammace su jira Baba, Malam Bukar, har rana ta take da su shiga wata sabuwa. Su hau baya da kwandunansu da jariransu, su yi ta hira har su yi barci. Da wannan yardar tasu muke cin tuwo a gidanmu.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Falmata, don haka Uwata yake kirana, kuma ba ya iya yi mini faɗa. Da aka shiga bakans ɗin nan sai ya tsiri tafiya da ni a gaban mota. Da farko na yi ta hura hanci, ƙawayena na can suna carafke a zaure ko suna layin ruwa a famfo, ni ina zaune kusa da direba, yaron motarsa Mamman yana maƙale a baya. Ban daɗe ba na gane dalilin. Yakan tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Uwata, mene ne can gaba?" In ce amalanke ce, ko awaki ne, ko rami. Wata rana a hanyar Guna wani tsoho yana tafe da jakinsa a tsakiyar hanya, rana tsaka, ina jira Baba ya sassauta bai sassauta ba, sai da na yi ƙara. Motar ta tsaya cak, hancinta kusa da bindin jakin, matan baya suka yi ta yaba birki. Baba ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya ce kamar hayaƙi ne yake tsaya masa a ido, zai wuce, kada Innata ta ji. Daga ranar na daina jin daɗin tafiya. Na koyi faɗin abin da ke gaba tun kafin ya tambaya, in dawo gida wuyana ya sage don leƙe, in kasa cin abinci, Inna tana cewa zafin mota ne.

Da tambur ya saki ranar nan, baƙar ƙura ta zubo, Baba ya shafa ciki da yatsa ya shinshina. Mai ne ya ɗiga daga pon, gadar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, ya jiƙa fatun birkin har suna santsi. Ya ce shi ya sa take ɗan ja gefe in ya taka. Shi da Mamman suka kwance ƙusoshin, suka zaro doguwar sandar ƙarfen da ke juya taya, baƙin mai yana bin ta. Ya cire zoben robar da ya tsage, ya wanke rulma, zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kai, da esans, wato fetur, a gwangwanin tumatir, ya juya ta kusa da kunnensa yana saurare ko tana gurnani, sannan ya cika ta da sabon giris. Fatun birkin kuma ya kankare tsofaffin, ya ɗora sababbi, ya dasa su da 'yan ƙusoshin tagulla ɗaya bayan ɗaya, yana bin kan kowace da babban yatsa don kada ta fito ta ci tambur. Ƙa'idarsa ce ba ya kwance ɓangare biyu lokaci guda, wai ɗaya ya zauna ya zama malamin ɗaya. Da can leƙawa yake yi ya dawo. Ranar nan sai na ga ya zagaya ɓangaren dama, ya sa hannu biyu yana lalube, fuskarsa na kallon sama. Na saci kallon Mamman, na ga ya sunkuyar da kai yana goge abin da ya riga ya goge.

Wajen mayar da resor abin ya faru, ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke janyo fatun su koma mazauninsu. Ya kama shi da filaya yana ja, ya kuɓuce, ya yi tsalle ya faɗo kan farin buhun da Baba ke zaune a kai, dab da gwiwarsa, baƙi ƙirin a kan fari. Baba ya shiga shafa ƙasa ta hagu, ya shafa ta dama, ya wuce shi sau da yawa. Na miƙa hannu zan tura masa shi a ɓoye, kamar yadda na saba yi duk bakans ɗin nan, sai na ga inuwa a kaina. Inna ce tsaye da kwanon fura, ban san tun yaushe ba. Inna ba mai yawan magana ba ce, in ta yi shiru kuwa har kaji sun san su kauce. Ta ajiye kwanon, ta sunkuya, ta ɗauki resor ɗin, ta kamo hannun Baba ta sa masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai. Ta dube ni sau ɗaya, na ji kamar in nutse cikin ƙasa, ta koma ciki. Baba ya ce, "Ƙura ce ta shiga idona."

Bayan azahar aka mayar da komai, ya rage fitar da iska daga man birki, aikin da na fi so a duniya. Ni ke hawa kujerar direba, in zame har ƙafata ta kai feda, Baba yana kwance ƙarƙashi da ƙaramin kile na kwance ƙusa, muryarsa tana fitowa daga ƙasan mota. "Taka. Taka. Riƙe. Saki." In riƙe, in ji fedar tana nutsewa a hankali, ya ɗaure, mu sake. Kullum da waƙa nake yi, ranar nan da hawaye na yi. Duk takun da na yi fedar ƙara tauri take, kuma na san da ta yi tauri an gama, gobe da sassafe mata za su hau baya da jariransu, kujerata ta gaba ba kowa. Na yi tunanin in ce cikina na ciwo kada in je lakwal, amma jibi fa, da gata? Na yi tunanin in ruga in gaya wa Inna komai, sai na tuna da roƙon da ya yi mini a hanyar Guna. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya kama ni, na ci gaba da takawa.

Baba yana da al'adar da duk unguwa ta sani. In ya gyara birki, sai a cika tulu da ruwa a kai shi tsakiyar layinmu, gaba kaɗan da dogon yaron ƙofar liman. Ya ja motar baya har kwanar masallaci, ya taho da gudu, ya tsaya saura ƙiris ya taɓa shi. Yara su yi ta tafi, a sha ruwan. Tun ina goye ake yin haka, tulu ko ɗaya bai taɓa fashewa ba, a garin da ruwan tulu guda sai mutum ya yini a layi. Ni ce mai kai tulun, kuma a gwajin da ya wuce ya raɗa mini in ajiye shi daidai inda na saba, domin da inuwar dogon yaro ta sauka kan gilashi yake takawa. Haka na yi. Na ɗauki babban tulun Inna ginin garin Mirya, na kai shi wurinsa, motar tana can kwana tana ruri.

Sai ga Inna ta fito da mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba ranar gwaji. Ta kori yara duka suka manne da katanga, ta ɗauki Abba ta ba matar liman. Sannan ta je ta sungumi tulun, ta matsa da shi ta wajen masallaci, tun kafin a kai bishiyar, inda ba inuwa ko kaɗan, ta dire shi a tsakiyar rana, jan tulu a kan farin yashi, wanda mai ido zai hango tun daga masallaci. Ta dawo ta tsaya kusa da ni, ta kama wuyan hannuna ta matse. Na ce, "Inna, ba nan ba ne wurinsa." Ta ce, "Na sani."

Motar ta taso. Ina jin ta sauya giya, tanti yana kaɗawa, ƙura na bin ta. Na hango farar hular Baba ta gilashi, kansa a miƙe, yana jiran inuwa. A raina ina cewa ya gani, ya Allah ya gani, ko da duhu-duhunsa ne. Na buɗe baki, Inna ta ƙara matse hannuna har na ji ƙashi. Ba ta rufe mini baki ba, ni ce muryar ta ƙi fita. Motar ba ta rage gudu ba ko kaɗan. Ƙarar fashewar tulun ba ta da yawa, fus kawai, ruwa ya watsu har kan gilashi, sannan tayoyin baya suka kama ƙasa, motar ta tsaya cak, ba ta karkata hagu ko dama ba.

Ba yaron da ya yi tafi. Baba ya kashe mota, ya sauko, ya zagaya baya, ya durƙusa. Ya sa hannu yana shafa sawun da tayoyin suka ja a yashi, na hagu, sannan na dama, yana auna su da taƙi. Hannunsa ya ci karo da wuyan tulun a jiƙaƙƙen yashi, ya ɗauka ya juya shi.

"Duka biyun sun kama daidai," in ji shi.

"Ban taɓa shakkar birkinka ba, Malam," in ji Inna. "Tulun nan tsayinsu ɗaya da Abba."

Ya daɗe a durƙushe, mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya don kunya. Da ya miƙe sai ya kira Mamman, ya ciro makulli ya sa masa a hannu, ya ce ya riƙa sassautawa a gangaren Durum, kada ya bari mata su zauna kan ƙofar baya. Ya shige gida bai dubi kowa ba. Ni na tsince gutsattsarin tulun a zanena, ina kuka, ina jin haushin Inna kamar ba zan sake yi mata magana ba. Amma washegari a aji, da mushe, malaminmu, yake kiran suna, na lura karo na farko cikin watanni wuyana ba ya ciwo.

Kwanaki Baba bai ci tuwon Inna da daɗin rai ba, gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ran nan da la'asar sai ga shi ya shigo rungume da sabon tulu, ya sa Mamman ya sayo masa a Mirya, yana tafe a hankali yana laluben dokin ƙofa da ƙafa. Ya dire shi gaban Inna ya ce ta duba ko yana yoyo. Daga baya an yi masa aikin yanar ido, ɗaya ya ɗan buɗe, amma bai sake zama bayan sitiyari ba har ya bar duniya. Zaure ya koma, direbobi na kawo masa birki yana gyarawa da yatsunsa, ni kuma in na taso lakwal in hau in taka masa feda.

Yau ina tuƙa tawa motar a titunan Damagaram. In birkinta ya yi ƙara, yaran gareji su cire tsoho su jefar, su ɗaura sabo daga kwali, kafin in gama amsa waya sun ce an gama. Ba mai shinshina mai, ba mai sauraren rulma, ba mai neman tulu. Bashe tana nan bayan gidanmu kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar da nake zama. An sare dogon yaron, an shimfiɗa wa layin duwatsun titi, Abba ya yi 'ya'ya har sun fi tulu tsayi. Wani lokaci in na taka birki a mararraba sai in ji muryar nan daga ƙasan mota tana cewa riƙe, in riƙe har na baya su yi mini oda. Sai da na girma na gane cewa a ranar nan Inna ce ta taka birkin.