Auta da Lagireton Kwamfuta

Auta ta tashi ne a garejin mahaifinta, cikin warin dalma da ruwan tsatsa. Baba mai gyaran lagireton mota ne, kuma duk layin an san hannunsa. Yayyenta maza babu wanda ya tsaya koyo. Ita ce ke tsugunawa gefen baho tana kallon yadda yake liƙe ɓula. Amma da ta gama makaranta sai ta koyi gyaran kwamfuta, ta kama ɗan shago a saman bene, taga ɗaya, tebur biyu. Baba bai hana ba, sai dai tsokana: "Kin gudu daga baƙin mai, kin bar ni da shi."

Da idanunsa suka yi rauni, hannu ya soma rawa, sai ya rufe garejin. Wata rana ta ɗauko shi daga asibitin ido, ta ce su biya ta shago, akwai mai jiranta. Wani mai haɗa bidiyo ne, zaune a matakala, rungume da ƙatuwar kwamfuta mai gefen gilashi.

"Anti, ki taimaka," in ji shi. "Da na ɗora mata aiki mai nauyi sai ta yi zafi ta ɗauke. Ga aikin mutane a kaina."

Suka shiga shago, Auta ta kunna ta. Sai ga wani ƙulu-ƙulu kamar mai kurkurar baki. Baba, da ke kan kujera, ya ɗaga kai.

"Auta, abin nan ruwa gare shi?"

"Ruwa, Baba. Shi ke sanyaya ta. Ga tanki, ga tiyo, ga famfon da ke tura shi, ga lagireto a sama."

"Lagireto? A cikin kwamfuta?" Ya taso yana gyara tabarau, ya shafa haƙarƙarin lagireton da yatsa, ya kwashe da dariya. "Ashe gida kika dawo ta bayan fage!"

Ta haska tankin da tocila. Ruwan ya sauka ƙasa sosai, famfon iska yake zuƙa. Ta kashe kwamfutar, ta cire wuta, ta bi tiyon nan gaɓa-gaɓa har ta kai wata mahaɗa da ruwa ya bushe a kai ya bar farin gari. Robar da ke ciki ta tsage. Ta zare ta, ta sa sabuwa, ta ɗaure.

Baba ya miƙo jarkar ruwan shanta. "Zuba mu gani."

"Haba Baba, ai ba tsohuwar tifa ba ce. Wannan gansakuka zai tara mata, ya toshe hanya."

Ta sauko da kwalbar ruwan sanyaya na musamman, ta riƙa ɗura shi da sirinji a hankali. Sannan ta ce Baba ya riƙe mata gefe ɗaya. Suka karkata kwamfutar dama, suka karkata hagu, iskar da ta maƙale tana fitowa kumfa-kumfa, ita kuma tana ƙara ruwa. Ta shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa, ta ba famfon wuta shi kaɗai, ta bar shi yana aiki. Ko ɗigo bai sauka ba. Da mai bidiyo ya ɗora aikinsa mai nauyi, kwamfutar ta ɗauka shiru, ba zafi, ba ƙara. Ya yi ta godiya, har da rusuna wa Baba.

A tasi, kan hanyar gida, Baba ya zauna gaba. Ba su yi nisa ba ya taɓa kafaɗar direba.

"Malam direba, ka san kwamfuta ma tana shan ruwa?"

"Ruwa kuma, Baba? Ai lalacewa za ta yi."

"To ka tambayi wadda ke bayanka. Injiniya ce. 'Yata ce, autata."

Auta ta juya fuskarta wajen taga tana murmushi. Har suka iso ƙofar gida Baba bai gama yi wa direban bayani ba, shi kuwa ya kashe mota ya tsaya ya ji ƙarshen.