Yadda Na Bar Masuntan Guri Babu Iri

Shekarun baya, ina sabon gama karatun kwamfuta, kaina na rawa, wata ƙungiyar manoma a Haɗeja ta ɗauke ni in kula mata da rumbun bayanai. A shekarar ambaliya ta cinye gonaki, aka samo irin alkama da za a raba wa masu asara su shuka da zarar ruwa ya janye. Aikina in fitar da sunayen duk mai gonar da ruwa ya ci.

Babban jadawalin mambobi nauyi gare shi. Ka yi masa tambaya, sai ka sha shayi ka dawo bai amsa ba. Amma abokin aikina ya taɓa tsamo wani ƙarami daga cikinsa, na waɗanda aka rubuta sana'arsu noma. Sai na sake fasalin tambayata ta bi ta ƙaramin. Nan take amsa ta fito. Har mutanen ofis na kira su zo kallo, ina ta hura hanci.

An koya mana sharaɗin a makaranta: kafin ka karkata tambaya zuwa ƙaramin jadawali, ka tabbatar bai zubar da wani abin da take nema ba. Na ci jarrabawar da maki mai kyau, amma ranar ko dubawa ban yi ba.

Bayan an gama rabo, wani dattijo daga Guri ya shigo ofis.

"Ɗana, ban ji an kira sunana ba."

"Baba, kwamfuta ba ta mantuwa," na ce, ko kujera ban ba shi ba. "Ba ka ciki."

"To a matsayin me aka rubuta ni?"

Don in sallame shi na buɗe babban jadawalin. Ga sunansa, ga gonarsa, ga shaidar ruwa ya ci ta. Sana'a: su, wato kamun kifi.

"Ai da damina masu rubutun suka zo, suka iske ni cikin kwalekwale," in ji shi. "Ruwa ya zo mu kama kifi, ya janye mu shuka wurin. Duk unguwarmu haka muke."

Na maimaita tambayar a babban jadawalin, sunaye suka yi ta sauka. Iri kuwa ya ƙare, kuma kafin a samo wani ƙasa ta bushe.

Har yau ina wannan aikin, kuma ba na taɓa ƙaramin jadawali sai na tambayi wa aka bari a waje. Kunyar dai ba ta sake ni ba, domin wata uku bayan faruwar abin na gamu da dattijon a kasuwar kifi. Na sunkuyar da kai, shi ya kira ni. Ya ƙulle mini bandar tarwaɗa, ya ƙi karɓar ko sisi.

"Riƙe, ɗana. Bana dai kamun kifi kaɗai na yi, kamar yadda na'urarka ta faɗa."