Na'ibi Mai Yatsu Takwas

A unguwar da Na'ibi ya tashi, can kudancin Balad a Jidda, kowane yaro yana dukan garwar kananzir, don haka ba wanda ya ɗauki nasa dukan da wani muhimmanci. Matan gidan ne suka fara lura. In yana buga garwarsa a ƙofar gida suna daka, sai su ga taɓarensu sun bi shi ba da saninsu ba, in ya yi sauri su yi, in ya sassauta su sassauta.

Mahaifinsa Malam Usuman Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno. Ya ƙetaro teku a jirgin katako ya yi aikin hajji, daga nan ya zauna, ya kafa tukubar tsire a bakin kasuwa. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ba ciniki, yana zaune da 'yar wuƙarsa yana feƙe tsinken tsire, yana jan salati a hankali.

A Sallar Azumi ta 1956, Na'ibi yana ɗan shekara goma sha biyu, aka yi mizmar a filin unguwa, wato wasan sanda da mutanen Hijaz suke yi da ganguna. Mai ƙaramar ganga ya ga yadda yaron yake binsa da ido, ya miƙa masa don wasa. Ba ta dawo hannunsa ba sai da aka tashi. Kafin Na'ibi ya isa gida labari ya riga shi.

"Zo nan," in ji Malam Usuman. "Kakanka da ƙafa ya baro ƙasar Kano. Ni kuma a kwance kan buhun dawa na ƙetare tekun nan. Ba don a ce ɗana makaɗi ne muka yi wannan tafiya ba."

"Baba, ai ranar Salla ce kawai."

"To a bar ta a ranar Salla."

Ya kuwa bar ta a can, shekara goma. Ya kama aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa, har ya kai ga riƙe injin ɗaga kaya. Ya auri Mastura, 'yar maƙwabtansu mai ɗinkin keke, suka haifi Mahmud. Sau biyu a shekara yakan taɓa ganga, sauran kwanakin kuwa yatsunsa ne ke kaɗawa a kan gwiwa, ko jikin kofin shayi.

A cikin 1966 wani jirgi ya kawo shinkafa daga Amurka. Da rana tsaka ƙishirwa ta kama Na'ibi, ya bi wani lungu na jirgin yana neman ruwan sanyi, sai ya ji kiɗa yana fitowa daga ɗakin girki. Ya tsaya cik. Ya saba jin waƙoƙin Masar a rediyo, inda ganga take bin mawaƙi a baya kamar mai rakiya. A wannan kuwa gangar ce gaba. Takan faɗo da nauyi a bugun farko, ta bar ɗan sarari, sannan wasu ƙananan bugu su biyo kamar masu raɗa, mawaƙin da masu busa duk suna rataye a jikinta.

Kukun jirgin, wani baƙin Ba'amurke mai faɗin ƙirji, ya gan shi a bakin ƙofa, ya yafito shi. Ba su da yare ɗaya. Na'ibi ya nuna garmahon da kiɗan yake fitowa daga ciki, ya ɗaga yatsa uku, yana tambayar ko makaɗa uku ne. Kukun ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zauna kan buhun albasa, ya kaɗa hannun dama, ya kaɗa na hagu, ya taka ƙafa biyu, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya. Mutum ɗaya ne.

Na'ibi ya ɗauki ludayi biyu ya gwada a bayan tukunya. Kukun ya daina dariya. Ya mayar da allurar garmahon farko, suka sake. Kwana huɗu ana sauke shinkafar, kullum da azahar suna nan. Ranar da jirgin zai tashi kukun ya naɗe faifan a cikin tawul ya danƙa masa, ya ce kiɗan sunansa fank.

Ga faifai, ba garmaho. Cigiya ta kai shi wurin Abdulghani, wani Bahaushen Fot Sudan mai gyaran wuta, wanda yake aiki da wani kamfanin Turawa masu shimfiɗa titi. Abdulghani yana kaɗa jita, kuma ya san irin wannan kiɗan tun a gida. Ya saurari Na'ibi yana bin faifan a kan tebur, ya ce, "Ya akhi, ina ka ɓuya? A sansanin kamfaninmu akwai ganguna biyar da farantan tagulla, wani Bature ya tafi ya bar su, ƙura ce kawai take kaɗa su. Ranar Alhamis ka shirya. Yalla."

A wancan zamani ba wurin da za a yi irin wannan kiɗa a fili a cikin gari, sai dai a bayan katangar kamfanoni. Can suka riƙa haɗuwa duk Alhamis bayan la'asar, su biyu da wasu 'yan Asmara uku masu busa. Hannuwan Na'ibi ba su ba shi wahala ba. Ƙafafun ne suka ƙi. Da ya taka babbar gangar sai hannun dama ya bi ƙafar, komai ya cakuɗe. Wata uku yana fama, har ya fara tunanin bari.

Mastura ce ta gaji da ganin fuskarsa a murtuke. Ta tashi daga kan kekenta ta ce, "Abu Mahmud, zauna nan."

"In yi me?"

"Ka taka. Diddige, sannan yatsu. Kar ka kalli ƙafarka, kalli ƙyallen. Kana ganin da ina tunanin ƙafata zan ɗinka ko ɗankwali?"

Ya lalata mata zanen gado guda da allura huɗu. Amma ƙafar ta koyi tafiyarta ita kaɗai, kuma kafin shekara ta zagayo zauren sansanin ba ya ɗaukar jama'a. Direbobi da kanikawa da injiniyoyi, kowa na ture kujera yana taka rawa da takalmin aikinsa. Malam Usuman ya ji labari, kamar yadda yake jin komai a bakin tukuba. Bai hana shi ba. Sai dai in Alhamis ta zo, gaisuwar ɗansa yakan amsa ta a gajarce.

A 1969 igiyar ƙarfen injin ta suɓuce suna sauke siminti. Na'ibi ya kai hannun hagu ya tare, ta tafi da ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Da raunin ya warke aka mayar da shi aikin gadin sito. Ya koma sansani sau ɗaya. Bugu uku sandar kiɗan ta tashi daga hannunsa ta faɗa ƙarƙashin kujeru. Aka ɗauko masa, ta sake faɗuwa. Ya miƙe ya ce wa Abdulghani, "Halas, na gama. Ku nemi wani."

Wata bakwai bai kaɗa ko gwiwarsa ba. Yakan dawo daga aiki ya zauna, hannun yana cikin aljihu. Mastura ta yi lallashi ta yi faɗa, duk a banza.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Usuman ya shigo, ya zauna a tabarma, ya sha shayi. Can ya ce, "Gidan nan ya yi shiru da yawa. Kawo hannun in gani."

Ya juya hannun, ya auna tafin da ɗan yatsansa, ya tashi ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo da sanda guda da ya feƙe da wuƙarsa. Ta fi ta kanti sirantaka, ya kuma yi mata ɗan ƙulli a inda babban yatsa zai kama, da wata 'yar tsaga a ƙasa. Ya miƙa wa Mastura ya ce ta ɗinka madaurin fata a tsagar, wanda zai zagaye tafin hannu.

Na'ibi ya dubi mahaifinsa. "Baba, ai kai ka ce..."

"Na ce, kuma ban canja ba. Amma ban haife ka don ka zauna kamar buhu ba. In za ka yi, ka yi da kyau, kuma kar in ji an kira salla kana bugu."

Hannun bai dawo da ƙarfinsa na da ba, kuma Na'ibi ya daina neman ya dawo. Tunda hagun ba ta iya duka da nauyi, sai ya bar wa ƙafa nauyin, ita kuma hagun ta riƙa sakin ƙananan bugu a jere, masu laushi, kamar yayyafi a kan kwano. Abdulghani ya ce bai taɓa jin irinsa a wani faifai ba. Daga nan sunan Mai Yatsu Takwas ya bi shi, shi ma bai ƙi ba.

A 1972 ƙungiyar ta samu gayyata zuwa Fot Sudan, wani kulob na ma'aikatan jiragen ruwa. A karon farko Na'ibi ya yi kiɗa a wurin da ƙofa take buɗe, mutane na tsayawa a titi suna saurare. Wata huɗu suka yi. Sai wani mai shirya wasanni ya ce zai kai su Khartum, daga can Beirut. Abdulghani har ya fara haɗa kaya. Amma Na'ibi, duk da a Jidda aka haife shi, da iƙama yake zaune, wato takardar izinin zama, kuma in ya wuce wa'adin da aka ba shi, komawa za ta gagara. Ga Mastura da 'ya'ya uku, ga tsoho da ƙafa ta fara kumbura. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya raka Abdulghani tashar jirgin ƙasa, suka rungumi juna, kowa ya kama hanyarsa. Abin ya yi masa ciwo, bai kuma ɓoye ba. Da ya dawo ya samu shekara biyu yana jinyar mahaifinsa, kuma a hannunsa tsohon ya cika.

Kamfanin ya gama titinsa ya tashi, aka bar masa gangunan. Ya tara wasu makaɗa daga cikin 'yan unguwa, suka koma bukukuwan aure na Hausawa da Sudaniyawa, inda yakan fara da kiɗan da iyaye suka sani, in wuri ya yi zafi ya juya shi zuwa nasa.

A wani irin bikin ne, bayan hajjin 1977, wani alhaji daga Kano mai suna Rafi'u ya tsaya a bayansa tun daga farko har aka tashi. Ya ce shi ma makaɗin jita ne, suna da ƙungiya a Sabon Gari. Ya roƙi a bar shi ya ɗauka a rikoda. Washegari da hantsi suka jingina katifu a bangon ɗaki don kar ƙara ta yi amsa-kuwwa, suka cika kaset guda.

Bayan wata tara wani mai zuwa umara ya kawo wasiƙa. Rafi'u ya rubuta cewa kaset ɗin ya bi hannu har an rasa na asali, ana jinsa a tasha da shagunan tela. Mai gangarsu da wasu biyu daga Kaduna sun yi ta gwadawa sun kasa, har gardama ta kaure ko mutum biyu ne suke kiɗan. Suna roƙon ya rubuto musu yadda ake yi.

Mastura ta karanta masa sau biyu. Ya daɗe yana murmushi, sannan ya ce wannan ba abin rubutu ba ne. Ya fita kasuwa ya sayo kaset uku, ya aro rikoda a maƙwabta. Ya ɗaura madaurinsa, ya gyara zama, ya danna.

"Salamu alaikum, ya shabab. Na'ibi ne daga Jidda. Awwal shai, ku ajiye sanduna..."

"Abu Mahmud," in ji Mastura daga bakin ƙofa, "mutanen Kano ne fa. Yi musu Hausa."

Ya yi dariya, ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake dannawa.

"Samari, da farko ku ajiye sanduna. Yau ƙafa kawai za mu koya. Ku saurara."

Ya taka babbar gangar, a hankali, yana ƙirga musu.