Mai Biro a Layin Tallafin Karatu

Wani mutum ne ya tashi ya ba wata mata benci a ƙofar ofishin tallafin karatu, har ya ara mata biro. Ta sa masa albarka, ta zauna da fom ɗin 'yarta marainiya, wadda saura kwana tara ta rubuta jarrabawar shiga jami'a.

Yanzu ta gefen mayafi take kallonsa, tana jan carbi. Rigarsa ta sha guga, takalminsa ya sha ƙasa. Kowa na rungume da takardu, shi daga shi sai biro. Yana bin layi yana cike wa iyaye fom, amma in ya zo kan hoton yarinya, yatsansa yakan daɗe a wurin. Da ma'aikaci ya leƙo, sai ya juya wa ƙofa ƙeya. Ko an taɓa korarsa daga nan ne? Allah masani.

Ga shi ya dawo, ya durƙusa gabanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, layin nan wahalar banza ce, ina da mutum a ciki. Ba ni lambar wayar yarinyar. Gobe ki turo min ita, ba sai kin rako ta ba."