Motar da Aka Hana Ruri

A wani gareji a Ƙaura Namoda, wani siririn mutum yana tsugune gaban jar motarsa 'yar Beljiyam, yana goge fitilarta da hannun riga. Da gani ba ya barin kowa ya wanke masa ita.

"Malami, mayar mata da tsohuwar salansa," in ji shi.

Bakaniken ya ɗago kai. "Haba Sodangi! Bara kai ka sa na canza ta da hudajjiya don motar ta yi ruri."

"Bara ke nan. Hanyar Shinkafi nika bi, kuma mutanen daji suna da kunne."

Ana gamawa, Sodangi ya ɗebi taɓo ya shafe jan fentin motar da kansa. Motar ta sulale shiru, kamar ita ce ɓarauniyar.